Tafin Hannun Kalla

Da hantsi Mutari ya kawo motarsa,
tsohuwar fara mai jigilar Mirya.
Ya ajiye kwali bisa benci a hankali:
ampili sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba.
Ya ce, "In na taso daga Tudun Jamus
so nake a ji ni a Kasuwar Dole."

Garejinmu inuwar bedi ce jingine da dutse,
irin duwatsun Damagaram
masu riƙon zafin rana har bayan lisha.
Maigida Kalla na zaune bisa tsohuwar taya.
Bai ji abin da aka ce ba.
Shekara talatin yana cusa kai tsakanin bafal da bafal,
sai da aikin ya karɓi ladansa a kunnuwa.
Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ɗaga haɓa.

Na fara da cire kan batir, kamar yadda ya hore ni
tun ranar da kile ta yi tartsatsi a hannuna.
Jar waya mai kaurin ɗan yatsa
na zura ta ramin roba bayan injin,
na ɗaura mata fizibil, taki guda daga batir,
ɗan tsaron ƙofa da zai mutu kafin mota ta ƙone.
Na ɗaga shimfiɗar ƙasa.
Ɓawon gujjiya, dala biyu, ɗan kunnen wata fasinja.
Ja ta bi hagu, wayoyin sauti suka bi dama,
don in sun kwana wuri ɗaya
kukan injin zai shiga cikin waƙa kamar sauro.
Ga ƴar shuɗiya siririya mai tada ampili daga barci.
Ga baƙa, gajera, wadda ba mai tambayar kuɗinta.
Na kankare fenti har ƙarfe ya yi ido,
na ɗaure ta tamau.

Azahar ta wuce ina kwance cikin ƙofa,
gumi na shiga mini ido,
ina murɗa tagulla, ina naɗe ta da salatif.

Muka kunna.
Madubi ya kama rawa, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya,
yaran makaranta suka tsaya da jakunkuna a baya.
Mutari na dariya har da dukan sitiyari.
Ni kuwa na riga na fara lissafin rabona.

Sai Kalla ya taso.
Ya aza tafi bisa ƙofar dama, ya rufe ido.
Ya zagaya, ya aza bisa ta hagu.
Ya daɗe.
Ya sa hannu ya kashe rediyo.

"Kwance wannan."
Muryarsa ta fi ƙarfin wurin, yadda ta kurame take.

Na kwance, raina a ɓace.
Ya zaro ƴar pil daga aljihu, ta tocila,
ya taɓa wayoyin biyu a kanta.
Bafal ta dama ta turo ƙirji waje.
Ta hagu ta shige ciki.
Mai zane na sa inda marar zane za ta zauna.

"Ɗaya na tura, ɗaya na ja," in ji shi.
"Ƙara kam akwai. Amma gangar ta ɓace a tsakiya,
daidai inda direba ke zama."

Na juya su. Minti biyu.
Da muka sake kunnawa
sai na ji abin ya sauko mini cikin ciki,
ƙasa da haƙarƙari,
wurin da ɗazu babu kowa.

Mutari ya ce shi bai ga bambanci ba,
ya ƙirga jikka bakwai, ya ja mota ya nufi Zango.
Kalla ya koma bisa tayarsa,
tafinsa a buɗe kan gwiwa.
Ni ina tsince guntayen waya cikin rairayi,
ina jin motar har ta sha kwana.
Shi yana kallon shayin da ke cikin kofi
yana rawa.